Farar Ƙasa a Jikin Goɗiya

Da sunan Allah nake farawa. Ku aje wayoyin nan ku zamna, kai Sadiku da kai Nura, ku da kuka ce toshe yoyon baƙin mai ba wani aiki ba ne, wai a matsa gam a ɗaure noti a tashi. Jiya ina jin ku a ƙofar gida ƙarƙashin motar maƙwabci, kuna dariya, kun gama kafin shayinku ya huce. Yau da hantsi na bi ta wurin, na iske baƙin tabo a ƙasa faɗin faifai. To ku saurara. Ni ban zamna aji ba ko na yini ɗaya, amma shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki a bayan gidan nan kafin mutanen Kusada su san hannun wa ke yin shi.

Kakanku, wanda nake ce wa Malam, Allah ya jiƙan shi, direba ne tun farko, daga baya ya zama bakanike. Yana da tsohuwar akori-kura da ya sa wa suna Goɗiya, don a ranar da ya sayo ta ya ɗaure ta a turken da goɗiyar mahaifinshi ke tsayawa. Ranar kasuwa takan kwaso gero da dawa da wake daga Dudunni da Boko ta kai Kankiya, ta dawo da gishiri da manja da mutane a saman kaya. Sauran ranaku kuma Malam yana inuwar iccen bedin can ta bayan danga, yana gyaran motocin mutane.

Sai yanar ido ta fara rufe mashi gani. Kunnenshi na nan garau, in inji ya tashi daga bakin titi zai gaya maka abin da ke damun shi. Amma baƙin mai ba ya kuka. Sai an gan shi.

Wata rana ina dambu a tsakar gida, yana zamne kusa da ni a kan buzu. Na aza madambaci a bakin tukunya, na dama kuka da kauri, na shafa a tsumma, ina naɗe mahaɗar. Ya matso da fuska yana ƙyafta ido.

Ya ce, "Rakiya, mi kike yi da tsumman nan?"

Na ce, "Tururi nake tsarewa. In ya sami kafa ko kamar ta allura, ta nan zai gudu, dambu ya ƙi nuna."

"In kin ɗaure da ƙarfi fa?"

"Sai kukar ta matse ta fito, a bar tsumma shi kaɗai."

Ya kai hannu ya shafa tsumman. Can ya ce, "Shekara ashirin ina koya wa maza wannan magana, ba wanda ya riƙe. In dambunki ya nuna, ki wanke hannu ki same ni gindin bedi."

Ranar na fara. Ya buɗe akwatin ƙarfenshi ya zube mani kaya a kan buhu. Sifanu sun fi goma, kowace da lamba a jikinta, ni kuwa ban san lamba ba. Sai na raɗa masu suna irin na gida. Ƙaramar da aka fi aiki da ita na ce Auta. Ta sama da ita Yaya. Babbar ta notin kaskon mai na ƙarƙashin inji, Baba. In Malam ya ce "miƙo goma", na san Auta yake nufi, har ya gaji ya koma kiran su da sunayena. Bayan su akwai guduma mai kai kamar ƙwai, da tsohuwar askar wanzami, da gilashin taga guda da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Sauran kayan aikin daga ɗakina suka fito: tsintsiya, tsumma, turmi, da kwanon sha.

Aikin farko da na sa hannu, bas ce ta wani Alhaji Mamman na Boko. Malam bai bar ni na taɓa sifana ba. Wanki ya sa ni. Kananzir da tsintsiya, sannan ruwan sabulu, sannan a bar rana ta busar. Yini guda ina kankare laka da maiƙo har ƙarfe ya fito. Na ce mashi ai ga inda yake ɗiga nan a ƙasa, kowa ya gani. Ya ce, "Wannan inda ya sauka ne. Daga ina ya taso?" Ban sani ba. Shi ma bai gani. Muka tada inji, na leƙa, ƙarfe baƙi, mai baƙi, ba ka rabe wannan da wancan.

Ni na kawo shawarar toka. Na tankaɗe ta da rariya, na barbaɗe inji fari fat, na ce in mai ya fito zai nuna. Malam ya tada mota ya zagayo ya sunkuya. Fanka ta kwashe tokar nan gaba ɗaya ta watsa mashi a gemu. Ya miƙe kamar wanda ya fito daga rumbu, yana tari. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Dabarar ta yi. Nemo abin da iska ba ta ɗauka."

Sai na tuna farar ƙasar da muke shafe ɗaki da ita in salla ta matso. Na dama ta ruwa-ruwa a kwanon sha, na shafe injin da gashin kaza, kowane lungu, na bari ta bushe. Muka tada. Ba a jima ba wani siririn baƙin zare ya fito daga gefe, can sama, nesa da inda yake ɗiga da kamu biyu. Na aza yatsan Malam a wurin. Ya shafa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Washa ce guda, ɗan zoben da ke ƙarƙashin noti, ta tsage. Da mun bi ɗigon ƙasa, da kaskon mai muka kwance a banza.

Tun daga ranar Malam ya kafa doka: mai mota ya aje motarshi ya tafi, ya dawo gobe. Ba a aiki ana kallo. Mutane suka riƙa karɓar motocinsu da ɗan fari-fari a jikin inji, yoyo kuma ya tsaya. Sai magana ta bazu wai Malam yana da laƙani. Alhaji Mamman ya hana a wanke injin bas ɗinshi har wata shida. Duk wanda ya tambaya, Malam gaskiya yake faɗa mashi: "Farar ƙasa ce." Su ce, "Ai haka masu sirri ke cewa." Ba wanda ya tambayi wa ke shafawa, mu kuma ba mu yi shela ba.

Mutum ɗaya ya gane, wani Ibo mai shagon kayan mota a Kankiya, da muke kira Ɗanladi. Wurinshi Malam ke sayo takardar gasket, wato abin da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don ya tsare mai, tsumman madambacin inji ke nan. Ba mu sayen yankakke, falle muke saye in yanka da kaina. Da zare nake auna abin da nake so, in ƙulla, in ba Malam ya tafi da shi. Wata rana Ɗanladi ya juya zaren a hannu ya ce, "Malam, wannan ƙullin na mata ne." Malam ya ce, "Ba ni takarda in tafi, mota na jira." Daga nan bai ƙara tada maganar ba.

Yanzu ga mummunar shekarar. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Bayan an yi ɗan girbin da aka samu, Malam ya kwanta, kwana tara ya cika. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Gindin bedi ya zama wurin kwanan awaki, don kowa ya ce sirrin ya bi mai shi. Cikin masu ta'aziyya har da Ɗanladi. Bai shigo ba. Ya bar wani abu naɗe a jarida, ya ce a ba uwargida. Na buɗe na iske fallen gasket sabo. Na tura shi ƙarƙashin gado.

Abin da ya rage yana ciyar da gidan nan Goɗiya ce kaɗai. Ubanku, da ba na kiran sunanshi don shi ne na fari, ya baro tuƙin da yake yi a Kano ya karɓe ta. Shi ya tashi a hannun kawunshi, ya san dai ina taya Malam wanki, iyakar saninshi ke nan. Ba a yi wata ba Goɗiya ta fara ɗiga. Ɗigo ya zama yoyo. Yoyo ya kai duk zuwa Kankiya da dawowa sai ta sha galan. Ya kai ta gareji biyu. Duka suka kwanta suka ga mai na zuba a mahaɗar inji da giyabos, suka ce sil ɗin baya ne, wato robar da ke tsare mai a can ciki, sai an sauke inji. Suka ƙara da cewa injin da ya kai wannan shekaru, in aka sauke shi, ba lalle ya koma yadda yake ba.

Baffan ubanku Idi, ƙanen Malam, shi ke riƙe da al'amuran gida. Tun ina amarya muke wasa da shi, ba ya shigowa bai tsokane ni ba, amma tun rasuwar bai ƙara ba. Ya zo ya tsaya a bayan asabarin ƙofata ya yi sallama.

Ya ce, "Matar Yaya, na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ran Alhamis da la'asar za su zo da sikeli su auna Goɗiya."

Na ce, "Su auna ta kamar jakar wake?"

"Ba son raina ba ne. In injin nan ya buga a hanya da kayan mutane da rayukan mutane, wa zai amsa? Gara a sayar da ƙarfen tun yana tsaye, a sayi hatsi."

"In hatsin ya ƙare fa?"

Ya juya zai tafi. Na ce, "Yau Litinin. Ku turo mani ita gindin bedi. Bayan danga ai cikin gida ne, ban fita ba."

"Ke? Mi za ki yi mata? Dambu?"

Na ce, "Shi zan yi."

Ya ce ba zai hana ni ba, amma ba zai hana masu sikeli zuwa ba.

Talata na yi wanki. Ubanku na tsaye hannu a ƙugu, yana cewa, "Inna, ga fa inda take zuba, manyan kanikawa sun gani." Na ce ya ɗebo ruwa. Na toshe duk wata kafa ta inji da tsumma, na bi shi da kananzir daga sama har ƙasa. Maiƙon da na kankare ranar ya cika tasa. Ban taɓa sifana ba.

Laraba da safe na dama farar ƙasa. Da ubanku ya ga kwanon da gashin kaza, sai ya ja da baya.

"Inna, ashe Baba ya bar maki maganin?"

"Daga ramin bayan gari aka haƙo shi. Riƙe mani marfin nan kada ya faɗo mani a ka."

Na shafe sama, na shafe gefe, na shimfiɗa buhu na kwanta na shafe mahaɗar nan da ake zargi. Muka jira rana ta yi aikinta. Da hantsi ya ɗaga na ce ya tada.

Ku sani, ni ma ban san abin da zan gani ba. In daga mahaɗar ya fito, kanikawan Kankiya sun yi gaskiya, ni kuma ba ni da ƙarfin sauke inji, Goɗiya ta tafi sikeli. Na kwanta ina kallon wurin. Inji na ruri a kaina, zafi na sauko mani a fuska. Fari. Na ƙirga salati ɗari. Fari dai. Na fito na duba gefen dama, ba komi. Gefen hagu, ba komi. Saura bayan inji ta sama, wurin da ya matse da jikin mota, ido ba ya kaiwa.

Na shiga ɗaki na ɗauko ɗan madubina da na kife tun ranar rasuwa. Na ɗaure shi a kara da zare, na zura. Ga shi nan. A kusurwar marfin saman inji, wani baƙin zare kamar gashi guda ya keto farar ƙasa, ya gangara a hankali, ya bi bayan inji, yana neman hanyar mahaɗa. Na kira ubanku na ce ya leƙa. Ya leƙa ya daɗe.

Ya ce, "Daga sama ne."

Na ce, "Kashe ta. Miƙo Auta."

"Wace ce Auta?"

"Goma, in ji ku."

Notin farko ya ƙi motsi sai da na sa ƙafa na dafe. Na biyu ma haka. Da muka cire marfin, gasket ɗin ya matse ya zama kamar ganyen da aka taka, ya tsage a kusurwa. Na goge marfin na aza shi a kan gilashin Malam. Ya kamata ya zamna daram. Sai ya riƙa rawa, haske na wucewa ta ƙarƙashinshi. Bakin kowane rami ya lotsa ciki.

Na ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Ubanku ya hau goge sifana da tsumma.

"Da kai nake."

"Ni ne, Inna. Da na ga ta fara jiƙa, sai na riƙa ƙara mata kullum da safe."

"Da hannu?"

"Nakan zura bututu a sifanar, don ta ɗauru sosai."

Ban yi mashi faɗa ba, don nufinshi alheri ne, kuma duk namijin da na sani haka hannunshi ke gaya mashi. Tsohon gasket ne ya gaji ya fara gumi, abin da falle guda zai warkar. Shi kuma kullum yana murƙushe shi, yana lanƙwasa marfin, kafar na ƙara buɗewa.

Na kife turmi. Na aza bakin marfin a gindinshi, na ɗora guntun katako, na riƙa bugu da gudumar nan kaɗan-kaɗan, kamar mai fasa goro ba ya so ya tarwatse. Bugu ukku, in kai gilashi. Bugu biyu, in kai gilashi. Tun azahar nake yi har inuwar bedi ta kai danga, sannan marfin ya zamna, haske ya daina wucewa. Na jawo fallen Ɗanladi daga ƙarƙashin gado. Na shafa baƙin mai a bakin marfin na danna a kai, siffarshi ta fito, na bi ta da askar wanzami. Ramukan kuma da kan guduma na fitar da su ɗaya-ɗaya. Gam ɗin da kuke matsawa kamar kuna liƙe rufin kwano, ni a kusurwoyi kawai na sa, shi ma kamar yadda ake shafa wa jariri man kaɗe.

Ɗauri na bar wa ubanku, ina tsaye a kanshi. Daga tsakiya ake farawa. Wannan, sai na daura da shi a ɗaya gefen, sai a matsa gaba, sai a tsallaka, har a kai ƙarshe. Zagaye ukku, kowane a ƙara kaɗan. Na ce ya riƙe Auta da yatsa biyu. Ya ce, "Inna, wallahi bai ɗauru ba." Na ce, "Cire hannunka." Na sake shafa farar ƙasa a kusurwar.

Alhamis da safe na sa aka loda mata buhunan maƙwabta, na ce ya je Kankiya ya dawo, kada ya lallaɓa ta. Kafin ya dawo na share gindin bedi, na shimfiɗa farin buhu da na wanke. Da azahar ya iso ya tsaya a kan buhun ya kashe. Na koma ɗaki. Ban leƙa ba, na kuma hana kowa leƙawa.

Da la'asar na ji tsayuwar wata mota, na ji ƙarar sarƙar sikeli. Idi ya shigo da mutum biyu ta ƙofar baya. Ina daga cikin gida ina ganin su ta kafar kara. Babbansu ya zagaya Goɗiya yana bubbuga jikinta da sanda, yana ƙiyasta nauyi.

Na ce, "Idi, kafin su sa hannu, jawo buhun da ke ƙarƙashinta."

Ya tattare riga ya durƙusa ya jawo. Ya duba wannan fuska, ya juya waccan. Ya ɗaga shi ga rana. Tururuwa biyu ce kawai a kai. Ya buɗe gaban mota ya zaro geji, ƙarfen da ake duba mai da shi, ya goge, ya mayar, ya zaro. Mai na kan zanenshi. Ya dubi ubanku.

"Ka ƙara mata a hanya?"

"Ko cokali, Baffa."

Na miƙa madubin ta saman danga. Idi ya zura ya leƙa kusurwar. Fari fat. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya tsaya yana kallon kwanon sha da gashin kaza da ke gindin bedi. Ya kalli turmin da ke kife.

Ya ce, "La ilaha illallahu. Shekara nawa, matar Yaya?"

"Goma sha ɗaya."

"Ni kuwa har sadakar zakara na kai wa Yaya, wai ya sam mani laƙanin."

"Mun ci. Ya yi daɗi."

Ranar Idi ya yi dariyar da bai yi ba tun rasuwa, har da dafa mota. Ya ba masu sikeli haƙuri, ya ce Goɗiya ba ta sayarwa. Suka naɗe sarƙarsu suka fita. Ba a jima ba sai na ji sallama, babbansu ya dawo shi kaɗai, ya tsaya nesa da danga, ya rage murya.

Ya ce, "Inna, a gafarce ni. Tamu ma da muka zo da ita, duba inda ta tsaya, ta ɓata maku ƙofar gida. Ko za a taimaka?"

Na ce, "A turo ta gindin bedi. Ku tafi, ku dawo jibi."

Ita ce mota ta farko da aka kawo da sunana. Goɗiya kuma ta ƙara shekara tara a hanya. Da ita aka ciyar da gidan nan har damina ta gyaru, da ita aka ɗauko uwarku ranar da aka kawo ta.

Wannan shi ne abin da na sani. Yanzu ku tashi ku je ku ba maƙwabci haƙuri, ku turo motarshi gindin bedi. Kananzir na zaure, tsintsiya na bayan ƙofa. Yau wanki kawai za ku yi. Gam ɗin kuma ku kawo shi nan in zamna a kai.